Tsakar Gidan Gwaggo: Haƙuri Bai Hana Hawaye Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaisuwa, ya jikoki, ya ƙoƙari? Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ba nisa da Maigatari. Maigidana ma'aikacin jinya ne. Shekara biyu ke nan da ya samu aiki a wani asibiti a garin Bradford na Ingila. Yanzu takardunmu sun fito, in an gama girbi za mu bi shi, ni da yara uku. Babbar shekararta tara, tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana, wato mahaifiyar maigidana. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara shida, sai autan mai shekara uku.

Ba mu gaya musu ba, amma babbar ta tsinci maganar a bakin matan gida. Tun ranar ta rage cin abinci, ta daina fita gaɗa, har fitsarin kwance ya dawo mata, abin da ta bari tun tana 'yar shekara huɗu. Namijin kuwa ba shi da zance sai wa zai riƙa ba akuyarsa dusa. Inna ta ce kada a gaya musu komai, in ranar ta zo a ce biki za a je Kano. Babansu kuma in ya bugo waya sai ya ce su gode wa Allah, yara nawa ne a ƙauyen nan suka samu irin wannan dama. Ni ma kullum ina ce mata ta yi haƙuri, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Gwaggo, yaya zan yi in koya wa yaran nan haƙuri da godiya, don kada tafiyar nan ta zame musu ciwo?

Daga wata uwa a ƙasar Gumel

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Jikoki lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah Ya sanya alheri a tafiyar nan, Ya sa a je a sa'a. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duka biyun wuri ɗaya na tsaya: "sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru." Na san wannan shirun, don na taɓa yin sa.

Ina 'yar shekara bakwai aka ba da ni riƙo ga ƙanwar babana da ke aure a Nguru. Lokacin jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yana tsayawa a Ringim, ƙauyenmu kuma tafiyar hantsi ce zuwa tashar. Aka yi mini kitso, aka ɗaura mini sabon zane, aka ce in raka gwaggona tasha in dawo. Ina da wata kaza wake-wake da ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki shida a makon, ko akurkinta ban leƙa ba, tunda ai yanzu zan dawo. Sai da jirgi ya wuce Gagarawa na gane. Matar nan ta riƙe ni tsakani da Allah, ban taɓa kwana da yunwa ba, ita ta sa ni a makaranta har na zama malama, Allah Ya jiƙanta Ya sa Aljanna ce makomarta. Amma duk sanda hawaye ya zo mini sai a ce, "Yi haƙuri mana, ba ki gode Allah ba? Ga shinkafa, ga kifi." Sai na koyi haɗiye kuka, in zaga bayan ɗaki in yi abina. Kowa na yabona, wai yarinya mai haƙuri. Tsoro ne, 'yata, tsoron kada a ce na butulce. Kuma na fi shekara goma in babba ya ce mini "yanzu za mu dawo" sai gabana ya faɗi.

Don haka kada a yi musu ƙaryar biki. Na san abin da ya sa mutanenmu ke ɓoye tafiya, ana gudun baki, ana gudun hassada, kuma ba laifi mutum ya rufe sirrinsa har abu ya tabbata. Ki ɓoye wa gari ranar tashi in kina so. Amma yaron da za a raba da ɗakin da ya saba kwana ba ya cikin mutanen gari. Ki kuma duba da kyau, ina jin ba don yaran kaɗai Inna ta faɗi haka ba. Tsohuwar da ta karɓi yarinya tun yaye, ta shekara bakwai tana jin numfashinta a bayanta da dare, ita ma ban kwanan ne ya fi ƙarfinta. Ke suruka ce, ba ki da bakin ja da ita, ban kuma ce ki ja ba. Ki sa maigidanki ya yi mata magana cikin ladabi, ko ya roƙi wani baffansa da take jin nauyinsa. Abin da za a nema a wurinta, ita da kanta ta zaunar da kishiyar tata ta gaya mata, ta sa mata albarka. In maganar ta fito daga bakin Inna, yarinyar ba za ta ga kamar sace ta aka yi daga hannun kakarta ba.

Mu Hausawa haƙuri ba ya fita daga bakinmu. An yi rasuwa, haƙuri. An taka ka a kasuwa, haƙuri. Yaro ya yi tuntuɓe, haƙuri. Har ta kai wani lokacin in mun ce wa yaro "yi haƙuri", abin da muke nufi shi ne "rufe mana baki". Ki buɗe Suratu Yusuf ki gani. Annabi Yakubu, alaihis salam, shi ne ya ce "fa sabrun jamil", haƙuri kyakkyawa, har sau biyu, a aya ta 18 da ta 83. Aya ta 84 da ke biye nan take, ita ce ta gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Da 'ya'yansa suka dame shi wai ba zai daina ambaton Yusufu ba, sai ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Allah bai cire shi daga cikin masu haƙuri ba don ya yi kewar ɗansa. To ina ga 'yar shekara tara?

Da aka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Nana A'isha ta ba da labari, yana cikin Bukhari, cewa in zazzaɓin ya saki Bilal sai ya ɗaga murya yana waƙen begen Makka, yana kiran ciyayinta da ruwayenta da duwatsunta da sunayensu. Ta je ta gaya wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Bai aika a ce wa Bilal ya yi shiru ya gode Allah da ya kuɓuta daga azabar Ƙuraishawa ba, alhali Bilal ya fi kowa sanin zafin wannan azaba. Addu'a ya yi: ya Allah Ka sa mana son Madina kamar yadda muke son Makka, ko fiye. Ki lura, bai roƙi a cire musu son Makka ba. Wannan addu'ar ki koya wa yaranki da Hausa, su sa sunan ƙauyenku da sunan garin da za ku. Ɗan shekara shida zai iya riƙe ta.

Maganar akuyar nan ma kada ki raina ta. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Manzon Allah ya tarar da yaron cikin damuwa, ya tsaya ya kira shi da alkunyarsa ya ce, "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Duk nauyin al'umma da ke wuyansa, bai ga damuwar yaro ta yi ƙanƙanta ba. A bayan tambayar dusa akwai wata tambayar: in na tafi, abin da na bari zai tsaya? Kada a ja akuyar kasuwar Maigatari ran Alhamis a bayan idonsa. A ba da ita kiwo. Shi zai zaɓi wanda zai ba cikin 'yan'uwansa, shi zai miƙa igiyar da hannunsa, a yi sharaɗi irin na manya a gabansa: in ta haihu a turo hoto, ɗa ɗaya na mai kiwo ne.

Fitsarin kwancen kuwa, kada a yi mata amalala, kada yaran gida ma su ji. Ki wanke shimfiɗa shiru. Damuwa takan dawo da shi ga yaron da ya riga ya bari, in hankali ya kwanta yakan tafi. In yana tare da zafi wajen fitsari ko yawan ƙishirwa, ki kai ta asibiti kafin ku tashi.

Sai ki gaya musu gaskiyar inda za su, daidai hankalinsu, kada a zuga musu Ingila har su ɗauka Aljanna ce. Ku da za ku tashi bayan kaka, a bakin sanyi za ku sauka, sanyin da hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, yara na isowa daga makaranta magariba na kawo kai. A watan Yuni kuma har tara na dare da sauran rana. Ba tsakar gida, ba dandali, ƙofar kowa a rufe, kuma da wuya su ji ladan daga ɗaki, a waya ake duba lokacin salla. Sai dai ba inda babu Musulmi za ku ba. A ƙidayar 2021, wajen mutum uku cikin kowane goma a Bradford Musulmi ne, akasarinsu 'yan asalin Pakistan. Akwai masallatai, akwai mahautan halal, akwai makarantun Alƙur'ani na yamma.

A nan akwai abin da iyaye kan manta. In babbar a makarantar allo ta yi karatu, da Warshu ta tashi, can kuwa Hafsu ake karantawa. Tun a Fatiha za ta ji bambanci, ita ta ce "Maliki", su su ja su ce "Maaliki". Rubutun ma haka: a allonmu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, a nasu kuwa fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Sai ta kalli fa ɗinsu ta karanta ƙaf. Ki gaya mata tun yanzu duka ruwayoyin ingantattu ne, malaminta na ƙauye bai koya mata kuskure ba. Yaron da aka yi wa dariya ranar farko a kan karatunsa yakan ɗauka duk abin da ya zo da shi daga gida ne ba daidai ba.

Batun godiya, ina so ki karanta wa maigidanki wannan wurin. Ɗana, na san ka sha wuya, shekara biyu kana aiki cikin sanyi kai kaɗai don ka kai iyalinka inda kake hango musu alheri, Allah Ya saka maka. Amma "yara nawa ne suka samu wannan dama" magana ce ta manya, masu lissafin kuɗin makaranta da na magani. Yarinyar nan ba ta nemi biza ba. A ganinta an ɗauke mata kaka, an ba ta abin da ba ta taɓa gani ba, sannan an ce ta biya da godiya. Godiyar da aka karɓa kamar bashi ba ta zama a zuciya. Kuma ka tanadi naka haƙurin. Autan da ka bari yana shekara ɗaya bai san ka ba sai a waya, zai yi maka ƙiwa, zai ɓuya a bayan uwarsa. Kada ka ji haushi, kada ka ce an ɓata shi.

Yaro a bakin iyayensa yake tsintar godiya, kuma da ƙananan abubuwa yake fara ta. Ga abin da nake yi da jikokina in an kawo mini su hutu suna kewar uwarsu. Bayan isha'i, in an shimfiɗa tabarma, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kewa yau da abu ɗaya da ya ji daɗinsa. Na kewa mu ce Allah Ya sada mu da alheri, na daɗi mu ce alhamdu lillahi. Ke za ki fara, ki kuma faɗi gaskiya: "Ni yau furar Inna na yi kewa, na kuma gode Allah da ruwan zafi ya zo a famfo ban hura wuta ba." In kewar kaɗai ake faɗa, gida zai zama zaman makoki. In daɗin kaɗai aka yarda a faɗa, an koma gidan jiya, yarinya ta sunkuyar da kai. Hadisin Suhaibu da ke cikin Muslim ya haɗa su a jikin mutum ɗaya: mumini in daɗi ya same shi ya gode, in wuya ta same shi ya yi haƙuri, duka alheri ne gare shi. Yaro kuwa kafin azahar ma zai iya haɗuwa da duka biyun.

Kada kuma godiyar ta tsaya a kan sallaya. Annabi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Malamar ajin da za ta zauna da ɗanki tana nuna masa hoto tana faɗin sunan abu, maƙwabciyar da za ta nuna miki ranar fitar da shara, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ki gode musu a gaban yaran. In kin yi waina ki aika su da kwano, yaba kyauta tukwici. Ki ba su labarin hijirar farko, wadda aka yi shekara biyar bayan aiko Annabi, zuwa Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista a lokacin, don an shaide shi ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Sahabbai sun daɗe a can, irin su Ja'afar ɗan Abu Ɗalib sai shekara ta 7 bayan hijira suka iso Madina, har sun hayayyafa. Cikin 'ya'yan da aka haifa can akwai Ummu Khalid, 'yar Khalid ɗan Sa'id. Wata rana aka kawo wa Manzon Allah tufafi, ciki da ɗan mayafi baƙi mai ado, ya ce a kawo masa Ummu Khalid. Ya yafa mata da hannunsa, yana duban adon yana cewa "sanah, sanah", wato kyakkyawa da harshen Habasha. Duk sanda na karanta hadisin nan sai idona ya ciko. Yarinya ta tashi a baƙuwar ƙasa, shi kuma ya nemo kalmar can ya faranta mata da ita.

Saboda haka ranar da yaranki suka fara amsa miki da Turanci, kuma za su fara, kada ki ɗauka kin yi asararsu. Turanci makaranta za ta ba su, ba sai kin taya ta ba. Ke naki Hausa: a kan tuwo Hausa, wajen kitso Hausa, faɗa ma in ya kama da Hausa. Mutanenmu da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno a Sudan, har yau ana jin Hausa da Fulatanci a bakin zuriyarsu, haka zangon Kumasi. Ni a ganina iyaye mata ne suka riƙe musu harshen a bakin murhu.

Ki yanke rana ɗaya a mako ta waya da Inna, Asabar ta fi, don Juma'a suna makaranta har yamma. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, sauran watannin daidai muke. Ki bar wa wani saurayi a gidan kuɗin caji da na data, aikinsa ya kai wa Inna waya. In sabis ya ƙi, a ɗauki muryarta tana tatsuniya, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", a turo ta WhatsApp. Wajen ɗaure kaya, kilishi da dambun nama da man shanu dokarsu ta hana shiga da su daga nan, kada yara su ga an karɓe tsarabar kakarsu a filin jirgi. Ki roƙi Inna tsohon zanenta ɗaya mai ƙanshin ɗakinta, babbar ta riƙa rufa da shi. Kuma kada ki ce musu "da Sallah za mu dawo" in ba kuɗin jirgi kike riƙe da shi a hannu ba.

Wasiƙarki ta ambaci kowa ban da ke. Ke ma uwa za ki bari, da maƙwabtan da kike leƙawa ta katanga, da biki da suna. Labarin zuciya a tambayi fuska, yara kuwa sun fi kowa iya karanta fuskar uwa. In kuka ya zo miki wata rana ba laifi su gani, su kuma ga kin share, kin yi alwala, kin ɗora tukunya.

Akwai wata tambaya da nake jin tana cikin 'yarki ta kasa furtawa: Inna ta tsufa, in na tafi zan dawo in same ta? Kada ki ce mata ba abin da zai samu Inna, wannan ba a hannunki yake ba. Ni da aka kai ni ganin gida bayan shekara huɗu, kakata ta wajen uwa ta riga ta kwanta dama, ban yi sallama da ita ba, kuma har yau da furfurata abin yana taɓa ni. Ki koya wa yarinyar addu'ar da matafiyi ke yi wa wanda ya bari: "Astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu", na ba Allah ajiyarku, Wanda ajiyarSa ba ta ɓata. Inna kuma ta mayar mata da ta mai zama, ta ba Allah ajiyar addininta da amanarta da ƙarshen ayyukanta. Daren ƙarshe ki bar su su kwana ɗaki ɗaya kamar kullum, kada a kira ta haɗa kaya. Da safe kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a bar ta ta zaga ta yi sallama da ƙawayenta da malamin allo. In kuka ya zo a bar ta ta yi, mota ta jira.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ina taya ta da addu'a. In hunturun farko ya wuce ki rubuto mini, ina son jin yadda babbar take, da ko akuyar ta haihu.